Dusar da na ba rago

In akwai abin da na iya a duniya, to koko ne. Ban ce na fi kowa ba, amma a lungunmu na Zaitawa, in mace ta haihu ko wani ya kwanta ciwo, gidana ake aikowa. Uwata ce ta koya min, kuma ba ta san wasa ba a wannan fanni. A surfa gero sai ya fita tas, a bakace dusar, a wanke har ruwan ya daina kauri, a jiƙa, a kai markaɗe da citta da kanumfari, sannan a tace. Mutane sau ɗaya suke tatawa. Ni sau biyu nake yi, na biyun da wani farin yadi mai laushi da na keɓe don wannan aikin kaɗai. In ka sha kokona, ba abin da harshenka zai ci karo da shi. Da wannan nake alfahari, kuma gara in faɗa tun yanzu, da shi na taimaka wajen kwantar da mijina.

Malam nake ce masa. Ɗinkin hannu yake yi, irin na manyan riguna. Shi da abokansa biyu suke zama a zauren gidanmu daga hantsi zuwa la'asar, kowa da riga a cinya, rediyo na gefe tana ta surutu. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Gwale, shi ya sa yake tsokanata da Malama, musamman in na ɗaga murya. Ina kuwa yawan ɗagawa. Shi mutum ne mai sanyi, irin wanda za ka gama zazzaga masa faɗa ya dube ka ya ce ko a kawo maka ruwa. Wannan halin nasa ya sha ƙona min rai, don faɗa ba ya daɗi in kai kaɗai kake yi.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, damina ta zo da wani zazzaɓi mai haɗe da mura da tari. Gida-gida ya bi unguwa. 'Yan zaure har suna cewa tsarabar farar hula ce, tunda dai ba a ga wata ba. Ni kwana huɗu na yi na miƙe. Malam ya yi goma. Zazzaɓin ya sauka, tarin ya tafi, aka zo aka yi masa barka, amma ƙarfinsa bai dawo ba.

Zai fita zaure, ya ɗauki riga, ya sa zare a allura. Kafin a gama labaran rediyo gumi ya jiƙa masa wuya, sai ka ga ya jingina da bango ya rufe ido. Masallacinmu a bakin lungu yake, taku kaɗan ne, amma in ya je azahar ya dawo, washegari ko zama ba ya iyawa. Barci ba ya rage masa gajiyar. Yakan dubi zanen da ya shekara ashirin yana bi, ya ce ya manta ta inda ake shiga. Abin da nake so a lokacin ɗaya ne, kuma har yau shi ne: Malam ya tashi ya koma kan allurarsa.

Ban yi masa adalci ba da farko. Wata rana na dawo daga makaranta na same shi kwance inda na bar shi, na ce, "Malam, kowa fa ya yi zazzaɓin nan. Har tsohuwar gidan can ta warke tana daka. Anya ba son jiki ba ne?"

Can ya ce, "Malama, ban san yadda zan gaya miki ba. Ji nake kamar an zare min wani abu ba a mayar ba."

Wannan maganar tawa ta son jiki tana cikin abubuwan da nake kunyar tunawa.

An gwada jininsa, ba maleriya, ba taifot. Sai na je wurin mai kemis ɗin bakin titi, wani dattijo da ya san mu, na yi masa bayani. Ya ƙulla min wasu ƙananan ƙwayoyi ruwan ɗorawa a leda, ya ce bitamin B ne, Malam ya riƙa sha bayan abinci, zai buɗe masa ciki ya ɗan ji ƙarfi. Bai ƙara min da komai ba, ni ma ban tambaya ba.

A lokacin zuwa bayan gida ma wahala yake ba shi, don haka na ajiye masa fo a ɗaki. Kwana biyu da fara ƙwayar, na fito da fo ɗin da hantsi zan zubar, sai na yi kiciɓis da Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo dubiya daga Madabo. Na yi ƙoƙarin kaucewa saboda kunya, ta ce, "Ke, tsaya. Mu gani."

Fitsarin ya yi rawaya shar, wadda ban taɓa ganin irinta ba. Hajiya ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Shawara ce. Ashe shawara ke cin yaron nan kuna zaune."

Na ce, "Hajiya, ai idonsa bai sauya ba."

"Wadda ba ta fito a ido ba ai ta fi sharri, 'yar nan. Ciki take ci. Me kuke ba shi?"

Na nuna mata ledar. Ko taɓawa ba ta yi ba. Nan take ta kafa doka irin wadda kowa a cikin birni ya sani game da mai shawara: ba mai, ba nama, ba ƙwai, ba gyaɗa, ba wake. Ba ƙwayar asibiti. Allura kuwa, ta ce in aka kuskura aka yi masa, sai dai a ɗauki gawa. Da la'asar ta aiko da saiwoyi da ganye a jiƙa masa. Ni da hannuna na juye ƙwayoyin a kwata.

Bayan kwana biyu fitsarin ya washe. Hajiya ta duba da idonta, ta ce, "Kin gani? Jiƙo ya fara korar ta." Maƙwabta suka ce Allah ya saka wa tsohuwa, da an yi asara. Ni kuma, da nake tsayawa gaban 'yan aji biyar ina koya musu kiwon lafiya, ban tsaya na haɗa biyu da biyu ba. An daina ƙwaya, launi ya tafi, shi ke nan fa. Ba zan ɗora wa Hajiya laifin ita kaɗai ba. Gaskiyar magana daɗi na ji. Ciwon da ba shi da suna ya samu suna, kuma aka ce maganinsa a kicin yake, inda na fi ƙarfi.

Sai na zage damtse. Safe koko da sukari, rana farar shinkafa da ɗan gishiri, yamma koko, tsakani kuma shayi. Tunda an ce cikinsa ba ya son nauyi, sai na ƙara kyautata aiki. Gero in an surfa sai in sa a sake. Shinkafa ina wanke ta har ruwan ya fito garau, in tafasa in tsiyaye in sake zuba wani. Tata ta koma sau uku. Jiƙon Hajiya kuma yana sa shi gudawa, muna cewa wankin ciki ne, cuta ce ke fita. Duk wanda ya leƙo sai ya ce kai, wannan mata ta iya jinya, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Akwai wani ɗan rago da nake kiwo a kusurwar tsakar gida saboda layya. Mu asalinmu mutanen shanu ne, ko da yake kakana ne na ƙarshe da ya riƙe sanda, amma gida ba dabba ba ya yi min daɗi. Duk dusar da aka bakace, da ƙasarin wankin gero, da abin da ya rage a yadin tata, shi nake zuba wa. Waken da aka hana Malam ma in ya yi saura, nasa ne. Ragon nan ya murje, gashinsa na sheƙi, har mata suna tambayata sirrin. A ɗaki kuwa mai gidan yana ta zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kullum ina wucewa tsakanin su biyun da kwano a hannu, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Wata biyar muka yi a haka. Ya fara cewa tafin ƙafarsa na yi masa kamar kiyashi na bi. Daga baya ƙafafun suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. In ya miƙe daga katifa zuciyarsa ta dinga bugu har kana gani ta saman riga. Hajiya ta ce shawara ce ta sauka ƙafa, alamar tana neman hanyar fita.

Wata Asabar bayan azahar ya ce in miƙo masa rigar da ya fara kafin ciwon, farar shadda ce ta wani ango da ya gaji da jira ya sayi wata. Na jingina shi da filo na ba shi. Ni na sa masa zare. Ya yi ɗinki uku ko huɗu, sai na ga ja yana yaɗuwa a kan farin. Allurar ta shige masa ɗan yatsa, shi kuma yana ta ƙoƙarin jan zare yana mamakin abin da ya riƙe shi. Bai ji ba. Ni ce na ce, "Malam, hannunka!" Ya duba, ya dube ni, kuma a ranar na fara ganin tsoro a fuskarsa.

Hajiya na tsakar gida a kan tabarma. Na fito na durƙusa, don ko a cikin fushi ban manta surukata ba ce, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Yau sai asibiti."

"In suka yi masa allura fa?"

"Su yi."

"Ke za ki ɗauki alhakin?"

"Na ɗauka."

Mota ba ta shiga lungunmu. Abokan zaurensa biyu ne suka tallabe shi, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafa, har bakin titi, mata na leƙe ta ƙofa. Bai fi nauyin buhun da aka ci rabi ba.

Likitar da ta duba shi ba ta kai ni shekaru ba. Ta danna ƙafar, ta saurari ƙirjinsa, ta bubbuga gwiwarsa da wata 'yar guduma, ƙafar ko motsi. Sai ta juyo ta ce, "Mama, me yake ci?"

Na gyara zama na zayyana mata, har da tata sau uku. Allah ya sani, jira nake ta yaba. Sai na ga ta ajiye biro.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Ba wake, ba nama, ba gyaɗa? To dusar geron fa, ina take zuwa?"

Na ce rago nake ba.

Ta rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci. Sannan ta yi min bayani a hankali, yadda nake yi wa yaron da na san zai yi kuka. Ta ce bitamin B ba ɗaya ba ne, iri-iri ne. Akwai wanda yake rina fitsari, kuma wannan rawayar da muka gani launin maganin ne kawai yake fita, ba ciwo ba. Akwai kuma na ɗaya a cikinsu, wanda jijiyoyi da zuciya ba sa aiki sai da shi, jiki kuma ba ya ajiye shi da yawa, 'yan makonni ya ƙare. A bayan ƙwayar hatsi yake zama, wato a dusa, da wake, da gyaɗa, da nama. Sukari da farar shinkafa kuwa ƙara cinye ɗan abin da ya rage suke yi. Da sakamakon gwaji ya fito ta ce hantarsa lafiya lau, Malam bai taɓa yin shawara ba.

Ban yi kuka a gabanta ba. Abin da ya tsaya min a rai ragon nan ne, yadda yake miƙewa yana kaɗa kai in ya hango ni da kwano.

Ta ƙara da wata magana da ban ba ta muhimmanci ba sai daga baya. Ta ce, "Ciwo biyu ne a jikinsa. Na biyun, na rashin bitamin, za mu iya gyara mafi yawansa, in sha Allahu. Na farkon, gajiyar da zazzaɓin ya bar masa, gaskiya ba ni da maganinsa. Akwai mutanen da ƙwayar cutar ke tafiya ta bar su haka. Wasu suna warwarewa a shekara, wasu ba sa yi." Rabin farko kawai kunnena ya ɗauka.

Aka yi masa allurar da Hajiya ke tsoro, bai mutu ba. Cikin kwanaki kumburin ya saɓe, bugun zuciyar ya lafa. Ya ci alala ya nemi ƙari. Da muka dawo gida Hajiya ta zo da kwanon wake a kanta, ita da ba ta ɗaukar kaya. Ta sauke shi ta shige ciki. Na dai same ta a kicin ta juya wa ƙofa baya tana share ido da bakin mayafi, na koma da baya kamar ban gani ba. Babbar Sallah ta zo aka yanka ragon, mahaucin yana ta santin kitse. Na gasa hantar na kai wa Malam. Ni ko tsoka ɗaya ban iya kaiwa baki ba.

A watannin nan na sa rai sosai. Ya taka da ƙafarsa zuwa zaure, abokansa suka yi ta kabbara. Ya yi kusan awa ɗaya yana ɗinki, duk da kan yatsunsa biyu ba su dawo da ji ba, sai ya duba da ido ya ga inda allura take. Washegari ya kasa ɗaga kai daga filo. Kwana uku ya yi. Ya huta, ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Mun koma daidai inda muke kafin Hajiya ta ga fo ɗin nan, sai dai yanzu an ƙara mana da matattun yatsu.

Ni kuwa sai na juye gaba ɗaya. Na ce tunda rashin abin nan ne ya kayar da shi, to yawansa zai tashe shi. Na daina surfe. Na naɗe farin yadin na jefa ƙasan akwati. Koko ya koma mai kauri, mai tsaki-tsaki, yana kartar maƙogwaro. Wake safe da yamma, ƙuli-ƙuli a kan komai, ƙwaya kowace safiya ina tsaye a kansa sai ya haɗiye. In fitsari bai yi rawaya ba hankalina ba ya kwanciya. Likitar ta gaya min, "Mama, abin da jiki ya rasa kawai yake mayarwa. In ya cika, sauran fita yake yi." Na ce to, na fito na ci gaba da abina. Maƙwabta suka daina aikowa neman koko, kuma ban ga laifinsu ba.

Na taɓa tambayar likitar abin da ke cina. Na ce, da ba mu yi masa wata biyar ɗin nan ba, da ya tashi? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda zai iya sani. Na so ta yi min ƙarya, ko ta ce e ko ta ce a'a, in san inda zan ajiye kaina. Ta ƙi.

Shekaru suka yi ta wucewa. Ɗaya abokin ya koma ɗinkin keke a kasuwa, ɗayan ya rasu, zauren ya zama wurin ajiye itace. Hajiya ma ta rasu, kuma kafin ta cika sai da ta sa aka kawo mata Malam a mota ta nemi gafararsa, ya ce ba ta yi masa komai ba sai ƙauna. Zuwan nan ya kwantar da shi mako guda. An yi zaɓe, an sake yi, an sake yi, duk a rediyo yake jin su. Mutane sun ce sammu, sun ce iska, wasu a bayan idona sun ce mace ce ta samu albashi ta zaunar da miji. Da a ce da ne, da na bi su har gida. Yanzu ko tsaki ba na yi.

Lokacin korona muka ji a rediyo ana maganar mutanen da suka warke amma gajiya ta ƙi sakinsu, wata da watanni. Har aka kawo zancen bitamin B, wani ya ce yana iya taimakawa, wani ya ce ba tabbas. Malam ya yi 'yar dariya ya ce, "Malama, ashe mun riga duniya." Na tashi na kashe rediyon. Haushi ne ya kama ni, na ji ana tattauna abin da ya cinye mana rayuwa kamar jiya aka gano shi, kuma har yanzu amsar ita ce ba tabbas.

Daminar da ta wuce, wata safiya, na kai masa koko kamar kullum. Gemunsa ya yi fari tas, nawa gashin ma haka, na daɗe da barin koyarwa. Ya riƙe kofin da hannu biyu bai sha ba.

Ya ce, "Malama, shekara nawa ke nan ina shan dusar nan?"

"Ka sha dai kafin ya huce."

"Na sha ai. Ban taɓa ce miki ba daɗi ba, ko na taɓa?"

Na ce bai taɓa ba.

"Don ke nake sha. Ƙwayar ma zan ci gaba da haɗiya in kina so, da waken. Amma ni da ke mun san ba tashi zan yi ba." Ya ajiye kofin a ƙasa. "Ina farin yadin nan naki? Ki tace min irin na da."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, yadda na saba, in ce wa ya gaya masa, in ce Allah ne mai tashin bawa. Sai na fasa. Na gane ashe ni ma na daɗe da sani, kokon nan mai tsaki ne kawai ya rage min da nake nuna ban yarda ba.

Yadin yana nan a ƙasan akwati, ya ɗan yi ja a wurin ninki. Na wanke shi na shanya. Na surfa gero da kaina, duk da kafaɗata ba ta so, na bakace, na jiƙa. Washegari na tace sau biyu, na dama, na kai masa. Ya sha a hankali idonsa a rufe, har ya ɗaga kofin ya tsiyaye na ƙasa. Ya ce, "Hannunki bai manta ba."

Na karɓi kofin na fito. Yadin na nan a kan turmi inda na bar shi, da dunƙulen dusa a ciki. Na ɗauka na nufi kusurwar tsakar gida, sai da na isa na tuna rabonmu da kiwo tun ragon nan. Na daɗe tsaye a wurin da dusar a hannuna.